Rimot ɗin da ya kayar da Wii U

Jiya da daddare ina son kallon labarai, yara sun mamaye talabijin da gem ɗinsu, sai da aka yi ja-in-ja kafin na samu. Abin ya tuna min da wata muhawara da aka tafka a 2014, kan wata na'ura da aka ƙera don ta raba irin wannan rigimar.

A Nuwamban 2012 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Wii U. Lokacin kamfanin yana jin kansa, domin Wii ɗin da ya fitar a 2006 ta yi kasuwar da a ƙarshe ta haura miliyan 100. Sabon abin da Wii U ta zo da shi shi ne GamePad, wato wani babban rimot mai sikirin a tsakiya, inci 6.2, ana taɓa shi da yatsa kamar waya. In maigida ya karɓe talabijin, yaro sai ya ci gaba da wasansa a hannu. Kowace na'ura da shi ake sayar da ita, ƙarama dala 299, babba dala 349. Ko kana so ko ba ka so, sai ka biya kuɗinsa.

To, kasuwa ta ƙi. Mutane da yawa sun ɗauka GamePad wani ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii. Batirinsa bai wuce awa uku zuwa biyar ba, kuma da ka yi nisa da akwatin na'urar sai hoto ya yanke. Kamfanonin da ke haɗa wasanni suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Nan masu sharhi suka taso: a cire wannan rimot mai tsada, a sa na gama-gari, a rage farashi. Kuma ba da daɗewa ba suka samu hujja. Microsoft ta fitar da Xbox One a 2013 kan dala 499 saboda kyamarar Kinect da ke ciki, alhali PlayStation 4 ta Sony dala 399 ce. Da ta ga ana barin ta a baya, a Yunin 2014 ta fara sayar da ita babu Kinect a kan dala 399.

Shugaban Nintendo, Satoru Iwata, bai bi wannan hanya ba. A farkon 2014 ya zaftare rabin albashinsa saboda halin da kamfanin ya shiga, ya kuma dage sai an yi wasannin da za su nuna amfanin GamePad. Super Mario Maker na 2015 na cikinsu, inda kake zana filin wasanka da kanka a kan sikirin. Duk da haka bai ceci Wii U ba. An daina ƙera ta a Janairun 2017, bayan an sayar da kusan miliyan 13 da rabi kacal.

A ganina ko an cire rimot ɗin, da ba ta tsira ba. Ƙarfinta bai kai na PlayStation 4 ba, in ka cire GamePad me ya rage da zai ja mai saye? Matsalar ita ce an ɗaure sikirin ɗin a falo kamar akuya a turke.

A Maris 2017 Nintendo ta kwance igiyar. Switch ita kanta ce sikirin ɗin, ka jona ta da talabijin ko ka saka a jaka ka yi tafiyarka. Yau ta haura miliyan 150. Iwata bai ga wannan ba, ya rasu a Yulin 2015. Kinect kuwa, da aka raba ta da Xbox, a 2017 aka daina ƙera ta.

Mu da ke aikin gwamnati mun saba, shiri yana faɗuwa sai a rufe fayil, ba mai tsayawa ya duba ko manufar ce ta lalace ko yadda aka aiwatar da ita. Da kai ne a kujerar Iwata a 2014, za ka cire rimot ɗin?