Ƙananan Girgizar Ƙasa da Iyakar Hasashen Masana

A ranar 14 ga Afrilu, 2016, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.5 ta afka wa Kumamoto a kudancin Japan. Mutane suka zaci ƙura ta lafa, wasu suka koma gidajen da bangonsu ya riga ya tsage. Bayan kimanin awa 28 sai ga wata mai maki 7.3, ta rusa da yawa daga cikin gidajen nan. Ashe ta farkon sharar fage ce, amma babu na'urar da ta iya faɗin haka kafin ta biyun ta zo.

Masana na da ƙa'idoji masu inganci. Tun 1894 Fusakichi Omori ya nuna cewa girgizar da ke biyo bayan babba tana raguwa da sauri: a rana ta goma yawanta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ranar farko ba. Sai dai matsakaicin lissafi ne wannan. Bincike a Kalifoniya ya nuna cewa a kusan kashi 5 cikin 100 na lokuta, wadda ta fi girma ce ke biyowa cikin 'yan kwanaki.

A ganina, a kan wannan kashi 5 ɗin hukumomi suke yawan tuntuɓe. A L'Aquila ta Italiya, ƙasa ta shafe watanni tana motsi. Kwamitin ƙwararru ya zauna ranar 31 ga Maris, 2009, wani jami'in gwamnati ya kwantar wa jama'a da hankali, sannan ranar 6 ga Afrilu babbar girgiza ta afku, mutum 309 suka rasu. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in hukuncin ɗauri, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan a 2014. Gaskiya ne ba wanda zai iya sanin ranar. Amma haɗarin ya ninka na kullum sau da yawa, kuma mai kwana da 'ya'yansa a tsohon ginin dutse yana da haƙƙin jin wannan adadi, ya zaɓa wa kansa.

Masu cewa a kwashe jama'a duk lokacin da ƙasa ta motsa sukan kafa hujja da Haicheng ta Sin, inda ƙananan girgiza suka sa aka fitar da mutane kafin babbar ta afku a 1975. Amma shekara ɗaya bayan nan Tangshan ta Sin ta rushe babu wani gargaɗi irin wannan, mutum fiye da 240,000 suka mutu.