Disneyland: yadda kujerar shugaban kamfani ke sauya filin wasa (ZARE 🧵)

1/ A 1955, dala 1 ake biya a shiga Disneyland. A Oktoban 2024, tikitin yini ɗaya a ranakun cunkoso ya kai dala 206, kuma in kana son tsallake layi sai ka ƙara wasu kuɗin. Me ya faru a tsakani? Ku gyara zama jama'a, yau tarihin shugabanni da riba za mu yi.

2/ Ga wanda bai san wurin ba: ka ɗauki filin wasan da ake kai yara yawon sallah, ka faɗaɗa shi ya kai girman unguwa guda. Da tituna, da jirgin ƙasa, da tafki, da fada irin ta tatsuniya, da ma'aikata dubbai. Yana garin Anaheim a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutane kan yi shekaru suna tara kuɗin zuwa.

3/ Labarin ya fara da 'yan'uwa biyu. Walt Disney, ƙanen, shi ne mai mafarki. Yayansa Roy O. Disney shi ne mai riƙe da littafin lissafi. Walt ya ce a gina, Roy ya ce da wane kuɗin? Ku riƙe wannan jayayyar tasu a ka, don duk abin da zai biyo baya a kanta yake tafiya.

4/ Bankuna ba su yi ɗokin abin ba, domin a lokacin ana kallon filayen wasa a matsayin wurare masu datti da hayaniya. Walt har bashi ya ci a kan inshorar rayuwarsa. A ƙarshe gidan talabijin na ABC ya zuba dala 500,000, ya kuma tsaya musu a kan bashin dala miliyan 4.5.

5/ Banza ba ta kai zomo kasuwa. ABC ta karɓi kusan kashi ɗaya bisa uku na filin, da shirin talabijin na mako-mako wanda Walt ke gabatarwa da kansa. Shirin ya zama tallan Disneyland tun kafin a gama ginin. Wato tun ranar farko akwai ɗan kasuwa a cikin mafarkin. Kar wani ya ce muku Walt waliyyi ne da bai san riba ba.

6/ An buɗe ranar 17 ga Yuli, 1955, a kan eka 160 na tsohuwar gonar lemo, bayan an kashe kusan dala miliyan 17. Ranar ta zo da rikici: tikitin jabu ya jawo cunkoso, kwalta ba ta gama bushewa ba har takalman mata na nutsewa, famfunan ruwan sha babu ruwa saboda yajin aikin masu aikin famfo.

7/ Abin da ya bambanta Walt shi ne inda yake kai ribar. Yana mayar da ita cikin filin. A 1959 kaɗai an ƙara dutsen Matterhorn, da jiragen ƙarƙashin ruwa, da jirgin da ke tafiya a kan dogo ɗaya a sama. Lissafinsa mai nisa ne: wanda ya ji daɗi yau zai dawo da 'ya'yansa, su kuma su dawo da nasu.

8/ A yi adalci a kan batun dala 1 ɗin nan: kuɗin ƙofa ne kawai, kowane lilo da nasa tikitin. Daga baya aka jera su daga A zuwa E, inda E ke nufin manyan wasanni. Sai a 1982 aka soke tsarin, aka koma biya ɗaya ka hau komai. Duk da haka, dala 1 ta 1955 kimarta kusan dala 12 ce kawai a kuɗin yau.

9/ Walt ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1966. Kafin nan kamfanin ya sayi fili kusan eka 27,000 a Fulorida a ɓoye, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kar masu ƙasa su tsauwala farashi. Burinsa a can birni ne na gaske mai suna EPCOT, inda mutane za su zauna a riƙa gwada sabbin fasahohi.

10/ Roy ya ɗage ritayarsa, ya buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoba, 1971, ya rasu a Disambar shekarar. Birnin kuwa ba a taɓa gina shi ba. Magadan kujerar suka ga tafiyar da gari mai mazauna ciwon kai ne, sai suka buɗe EPCOT a 1982 a matsayin wani filin wasan da ake sayar wa tikiti.

11/ Shekarar da ta juya komai ita ce 1984. Finafinan kamfanin sun yi sanyi, darajar hannun jari ta yi ƙasa, alhali ga filaye da kadarori jibge. Sai wani attajiri, Saul Steinberg, ya fara sayen hannun jarin da niyyar ƙwace kamfanin ya sayar da shi gunduwa-gunduwa.

12/ Don ya rabu da su, Disney ta sake sayen hannun jarinsa a kan kusan dala miliyan 325. Abin ya fusata sauran masu hannun jari. Aka sauke Ron Miller, surukin Walt, daga shugabanci. Roy E. Disney, ɗan Roy na farko, ya taimaka aka kawo baƙi biyu: Michael Eisner daga Paramount, da Frank Wells.

13/ Darasin da kamfanin ya ɗauka daga wannan tsoro: duk kadarar da ba ka tatse ta ba, wani zai zo ya saye ka ya tatse ta. Eisner da Wells suka ɗaga kuɗin shiga shekara bayan shekara, kuma jama'a ba su daina zuwa ba. Nan aka gano cewa ƙaunar da mutane ke yi wa wurin ita ma haja ce.

14/ Amma fa shekarun farko na Eisner sun yi armashi. Captain EO na Michael Jackson a 1986, Star Tours tare da George Lucas a 1987, Splash Mountain a 1989, ga sabbin otal-otal. An ƙara farashi, an kuma ƙara abin kallo. Eisner na kawo dabara, Wells na taka masa birki. Tamkar Walt da Roy sun dawo.

15/ Sai Faransa ta kwashe musu ƙafa. Euro Disney ya buɗe kusa da Paris ranar 12 ga Afrilu, 1992, da otal-otal fiye da buƙata da bashi mai nauyi, a daidai lokacin da tattalin arziƙin Turai ya yi rauni. A 1994 sai da aka sake tsara bashin, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya zuba jari aka ceto shi.

16/ A Afrilun 1994 ɗin nan kuma Frank Wells ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Eisner ya rasa mutumin da ke iya ce masa a'a, ga kuma tabon Paris. Daga nan salon ya koma tsuke aljihu. Babban shirin WestCOT da aka yi wa Anaheim alkawari aka soke shi a 1995.

17/ Aka ɗauko Paul Pressler daga sashen shagunan Disney aka ba shi Disneyland. Mutumin kanti ne, ya kuma tafiyar da wurin kamar kanti. Shaguna suka samu kulawa, aka rufe PeopleMover a 1995, aka rufe jiragen ƙarƙashin ruwa a 1998. Tafkinsu ya zauna babu wasa har zuwa 2007.

18/ Inda abin ya fi ciwo shi ne sashen gyara. An kawo masu ba da shawara na McKinsey, aka sake fasalin aikin makanikai don rage kashe kuɗi. Gyara ba ya fitowa a hoton talla, shi ya sa yake da sauƙin yankewa. Masoya wurin suka fara lissafa fentin da ya ɓare da ƙwayayen fitilar da suka mutu.

19/ Ranar 24 ga Disamba, 1998, wani ƙarfen ɗaure igiya ya ɓalle daga jirgin ruwan Columbia ya kashe baƙo ɗaya. A Satumbar 2003, jirgin Big Thunder Mountain ya goce daga dogo, wani matashi ɗan shekara 22 ya mutu. Binciken hukumar jihar ya ɗora hatsarin 2003 a kan sakacin gyara, kamfanin kuma ya amsa.

20/ Ga gwajin da tarihi ya yi mana kyauta. A 2001 an buɗe sabbin filaye biyu da sunan Disney. Na farko California Adventure, a kan tsohon filin ajiye motocin Disneyland, a kusan dala miliyan 600. Shaguna da gidajen abinci birjik, wasanni kaɗan. An yi hasashen baƙi miliyan 7, aka samu kusan miliyan 5.

21/ Na biyu Tokyo DisneySea a Japan. Wannan ba Disney ce ta biya ba. Kamfanin Oriental Land ne mai filayen Tokyo tun 1983, yana biyan Disney kuɗin amfani da suna. Ya kashe kusan dala biliyan 3, kuma har yau ana sa wurin cikin mafi kyau a duniya. Masu zanen gidan Disney ne suka tsara duka biyun. Mai sa hannu a kan kuɗi ne ya bambanta.

22/ Araha ba ta ado. A 2007 kamfanin ya sanar da zai kashe dala biliyan 1.1 don gyara California Adventure, kusan ninki biyu na kuɗin gina shi. Sai da aka buɗe Cars Land a 2012 wurin ya farfaɗo. Garin neman ƙiba aka samo rama.

23/ Kafin nan an yi juyin mulki. Roy E. Disney ya ajiye kujerarsa a 2003 ya fara kamfen a kan Eisner, mutumin da shi ya kawo. A taron Maris 2004, kusan kashi 43 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jari suka ƙi mara masa baya. Ya bar kamfanin a 2005, Bob Iger ya hau.

24/ A ba Eisner haƙƙinsa: ya karɓi kamfanin da kuɗin shigarsa bai kai dala biliyan 2 a shekara ba, ya bar shi yana samun sama da biliyan 30. Har ABC, wadda ta taɓa tsaya wa Walt a kan bashi, shi ya saye ta a kan dala biliyan 19. Mutum ɗaya ne ya gina, shi kuma ya matse.

25/ Iger ya zo da nasa salon: sayen labarai. Pixar a 2006 kan dala biliyan 7.4, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012. Ya kashe kuɗi sosai a filayen, amma kusan duk sabon gini sai ya jingina da fim ɗin da ya riga ya yi kasuwa. Pirates of the Caribbean kuwa a 1967 lilo ne da babu fim a bayansa, shi ya haifi fim ɗin.

26/ Sai batun ma'aikata. Wani bincike na 2018 a kan ma'aikatan Disneyland ya nuna kusan kashi 73 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce albashinsu ba ya isar su buƙatun yau da kullum. A shekarar Iger ya samu dala miliyan 65.6. Abigail Disney, jikar Roy na farko, ta fito fili ta soki wannan tazarar.

27/ Bob Chapek ya hau a Fabrairun 2020, korona ta biyo shi a baya. Disneyland ya zauna a rufe daga Maris 2020 zuwa ƙarshen Afrilun 2021. An sanar da sallamar ma'aikata 28,000. Da aka buɗe, sai baƙi suka tarar abubuwan da suka saba samu kyauta an maƙala musu farashi.

28/ Babban misali shi ne layi. Tun 1999 akwai FastPass: ka karɓi lokaci kyauta, ka dawo ka shiga ta gajeren layi, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. A 2021 aka maye gurbinsa da manhajar Genie+, dala 20 kan kowane mutum a Disneyland. Ka ga iyali mai yara huɗu, ka yi lissafin da kanka.

29/ Ga kuma otal ɗin Star Wars na Fulorida, Galactic Starcruiser: kwana biyu, mutum biyu, kusan dala 4,800. An buɗe a Maris 2022, an rufe a Satumbar 2023. Shi kansa Chapek bai kai ga ganin rufewar a kan kujera ba, don daraktoci sun tsige shi a Nuwambar 2022 suka dawo da Iger.

30/ Kamfanin na da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Filin yana da iyaka, masu son shiga ba su da iyaka. In an bar tikiti da araha, cunkoso zai hana kowa jin daɗi. Sun kuma ce tikiti mafi araha ya daɗe a dala 104. A 2023 sun yi alkawarin zuba dala biliyan 60 cikin shekara 10 a filaye da jiragen ruwansu.

31/ Sai dai ga abin lura. A shekarar kuɗi ta 2024, sashen filayen wasa da dangoginsa ya kawo ribar aiki ta kusan dala biliyan 9.3, fiye da rabin ta kamfanin gaba ɗaya. Duk lokacin da talabijin ko fim ya yi asara, saniyar da ake komawa a tatsa ita ce filin. Mai biyan kuɗin shi ne uban da ya yi wa 'ya'yansa alkawari.

32/ Abin da na ɗauka daga wannan tarihin: Walt, Eisner, Iger, Chapek, duk riba suka nema. Inda suka rabu shi ne tsawon lokacin da kowa ke kallo. Mai kallon shekara talatin zai gyara dogo ya bar layi kyauta. Mai kallon rahoton wata uku zai ga duka biyun a matsayin kuɗin da ke zuba.

33/ Kuma haɗarin ba ya nunawa da wuri. Manyan da ke biyan dala 200 yau, yawancinsu an kai su suna yara lokacin da iyayensu ke iya biya. Yaron da farashi ya hana shi zuwa bana ba zai girma da kewar wurin ba. Wa zai sayi tikitin 2055?

34/ Tambayata gare ku: da kai ne aka ba kujerar, ga masu hannun jari na jiran riba, ga cunkoso a ƙofa, za ka sayar da gajeren layi ko za ka bar kowa ya bi layi ɗaya? Ku ajiye amsa a ƙasa, ina karantawa. Wanda zaren ya amfana ya tura wa abokinsa mai karanta harkar kasuwanci. 🙏🏾