Masara da toka: dabarar girkin da Turawa suka baro a Meziko

Yau za mu leƙa madafa ne, mu duba tarihin wata dabarar girki wadda rashin saninta ya ci rayukan dubban mutane.

Asalin masara dai ƙasar Meziko ce, inda aka fara nomanta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Mutanen yankin kan tafasa ta da ruwan toka ko na farar ƙasa, su bar ta ta kwana a jiƙe, su wanke, sannan su markaɗa. Suna kiranta nixtamal, kalmar da ta haɗa "toka" da "ƙullu" a harshen mutanen Aztek. Da ƙullun ne ake yin tortilla, wato wata irin gurasa mai faɗi.

Bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492, Turawa sun kai masara gida, amma suka baro dabarar tokar. Da yake tana da yabanya ga kuma araha, sai ta zama abincin talaka safe da dare. A shekarar 1735 wani likita a Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana wata cuta tsakanin manoma: fata ta yi kaushi duk inda rana ta taɓa, ga gudawa, daga baya hankali ya gushe. Italiyawa suka raɗa mata suna pellagra, wato fata mai kaushi.

A kudancin Amurka, daga 1906 zuwa 1940, cutar ta kama mutane fiye da miliyan 3, ta kashe sama da 100,000. Likitoci da yawa sun ɗauka ƙwayar cuta ce. Amma a 1915 Dokta Joseph Goldberger ya ciyar da fursunoni 11 a jihar Mississippi abincin da galibinsa masara ce, cikin 'yan watanni 6 daga cikinsu suka kamu. Ashe matsalar a tukunya take. A 1937 kuma Conrad Elvehjem ya gano cewar sinadarin niyasin, wato bitamin B3, shi ne abin da jiki ya rasa.

To ina ruwan toka a nan? Masara na da niyasin, sai dai a ɗaure yake yadda hanji ba ya iya tsotsarsa. Toka ko farar ƙasa ce ke kwance shi. Shi ya sa cutar ba ta addabi mutanen Meziko ba, duk da yawan cin masara.

Kada a ce tsohon labari ne. A 1990 ta kama 'yan gudun hijirar Mozambik kimanin 18,000 a ƙasar Malawi, lokacin da gyaɗa ta yanke a cikin abincin agaji, aka bar su da garin masara.

Saboda haka uwargida, tuwon masara ba laifi, amma kada ya zama shi kaɗai. A riƙa haɗawa da gyaɗa, wake, kifi, nama ko nono gwargwadon hali.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.