Eriya a Rufin Ɗakin Tafi-da-gidanka: Tarihin Kama Talabijin a Sansanonin Amurka

Ɗakin tafi-da-gidanka, wato ƙaramin gida mai ƙafafun taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa daji ko bakin tafki domin a yada zango na 'yan kwanaki, ya girmi talabijin a rayuwar Amurkawa da kusan shekara ashirin. Tun a 1919 masu yawon shaƙatawa da mota suka kafa ƙungiyarsu ta Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Florida, a 1936 kuma Wally Byam ya fitar da samfurin Clipper na kamfaninsa Airstream, wanda aka lulluɓe jikinsa da farin ƙarfen alminiyom kamar jirgin sama, alhali gidajen talabijin na kasuwanci ba su fara aiki a ƙasar ba sai a watan Yulin 1941. Wannan tazara tana da muhimmanci ga duk wanda ke son fahimtar matsalar kama tasha a irin wannan ɗaki, domin waɗanda suka ƙera shi ba su yi tunanin eriya ba, waɗanda kuma suka tsara watsa shirye-shiryen talabijin daga baya ba su sa matafiyi a lissafinsu ba, gida mai tushe da dogon rufi suke gani a gabansu.

A 1950 gidaje tara ne kawai cikin ɗari ke da akwatin talabijin a Amurka, amma kafin 1960 adadin ya kusa casa'in cikin ɗari, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ne shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar 1956 da ta haifar da manyan hanyoyin da suka ratsa jihohi. Iyalin da ya saba kallon labaran dare a gida, ga hanya ta buɗe masa zuwa duwatsu da hamada, sai ya so ya tafi da akwatinsa. Abin ya sauƙaƙa bayan da ƙananan akwatuna masu aiki da taransisto suka shigo kasuwa, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1960, domin suna iya aiki da batir, ɗakin tafi-da-gidanka kuwa da batir mai ƙarfin bolt 12 yake rayuwa idan babu wutar sansani. Samun akwatin bai kashe magana ba. Jikin ƙarfe da ke kare matafiyi daga ruwa da rana shi ne kuma ke tare igiyoyin rediyo, ta yadda ƙaramar eriya mai kunnuwa biyu da ake ɗorawa a kan akwati takan zama kamar mai sauraro daga cikin tukunya a rufe, saboda haka dole eriya ta fita waje ta hau rufi.

A nan ne siffar igiyoyin kansu ta shiga maganar. Hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da FCC, ta raba tasoshi gida biyu. Kashi na farko shi ne VHF, daga tasha ta 2 zuwa ta 13, inda igiyoyin ke da tsawo, ta tasha ta 2 ta haura mita biyar, ta tasha ta 13 kuma ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Kashi na biyu shi ne UHF, wanda aka buɗe a 1952 daga tasha ta 14 zuwa ta 83, inda tsawon igiya ke farawa daga kimanin santimita sittin yana raguwa. Ƙa'idar masu ƙera eriya ita ce sandar da za ta kama igiya da kyau sai ta kai kusan rabin tsawon igiyar, wannan ne ya sa eriyar VHF take da dogayen hannaye, ta UHF kuma take da gajeru. A gidaje an magance wannan da eriya mai jerin sanduna kamar ƙashin kifi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a jami'ar Tohoku ta birnin Sendai a 1926, amma irin wannan ba ta jure iskar babbar hanya, ba ta kuma wucewa ƙarƙashin gada ko reshen bishiya.

Maganin da ya zauna shekaru da dama ya fito ne daga kamfanin Winegard na garin Burlington a jihar Iowa, wanda John Winegard ya kafa a shekarun 1950. Eriyarsa mai suna Sensar, wadda matafiya suka laƙaba wa sunan fukafukin jemage saboda siffarta, tana kwanciya shafe a kan rufi yayin tafiya, idan an isa masauki sai a murɗa wani hannu da ke silin daga cikin ɗaki ta miƙe tsaye, a kuma juya wani faifai da ke kewaye da hannun ta fuskanci inda ake so. Masana'antun yankin Elkhart a jihar Indiana, inda ake ƙera mafi yawan waɗannan ɗakuna, sun riƙa fitar da su da ita a kafe. Fukafukan nata an auna su ne da igiyoyin VHF, kuma hakan daidai ne a zamanin, domin manyan tasoshin da jama'a ke nema a can suke, UHF kuwa ta daɗe tana baya, har sai da majalisar dokoki ta yi dokar 1962 da ta tilasta wa masu ƙera akwatuna su sa mata gurbi.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne yadda tsohon tsarin watsawa, wanda ake kira analog, yake koya wa mai kallo inda zai juya eriyarsa. A wannan tsari ƙarfin igiyar da ta iso shi ne kai tsaye ke zama haske da duhun hoto, saboda haka idan sigina ta yi rauni hoton ba ya ɓacewa gaba ɗaya, yakan yi dishi-dishi ne, ya cika da tsaki-tsaki, murya ta haɗu da shuu, amma ana iya gane mai karanta labarai a ji abin da yake faɗa. Mutum ɗaya yana juya faifan, idonsa a kan allo, yana ganin hoton na washewa ko yana ƙara dusashewa, cikin minti ɗaya ya san inda hasumiyar tasha take ko da bai taɓa zuwa yankin ba. Idan igiya ta bugi dutse ko dogon gini ta dawo ta riski 'yar'uwarta a makare, sai hoton ya fito da inuwa a gefensa, wannan ma alama ce da ido ke karantawa. Allon da kansa shi ne ma'aunin, kuma matafiyin da ke kilomita ɗari daga gari yakan samu rabin hoto, wanda ya wadatar da shi ya ji ko guguwa na tafe.

Sauyin da ya kawar da wannan ya faro ne daga gasa da Japan, wadda gidan talabijin ɗinta na NHK ya nuna hoto mai tsananin kyau a shekarun 1980. FCC ta kafa kwamitin ba da shawara a 1987, a 1990 kamfanin General Instrument ya gabatar da tsarin da ke mayar da hoto da murya lambobi zalla, wato dijital, a 1993 masu gasar suka haɗe wuri ɗaya, a watan Disambar 1996 kuma aka amince da tsarin ATSC. Hanyar ɗora lambobin a kan igiya da aka zaɓa, mai suna 8VSB wadda kamfanin Zenith ya ƙirƙiro, tana iya kai kimanin megabit 19 a daƙiƙa cikin faɗin tasha guda, kuma tana kai wa nesa da ƙarancin wuta, sai dai akwatunan farko sun sha wahala da igiyar da ta bugi abu ta dawo. Kamfanin Sinclair, mai tasoshi da yawa, ya roƙi hukumar a 1999 ta ba da damar amfani da hanyar Turai ta COFDM, wadda ke rarraba saƙon a kan dubban ƙananan igiyoyi don haka ta fi jure amsa-kuwwa da motsi, hukumar ta ƙi. Zuriyar wannan hanya ta Turai ce Najeriya ta ɗauka, wato DVB-T2, lokacin da ta fara gwajin sauyin a Jos a watan Afrilun 2016. Taswirar da FCC ta zana ta iyakar kowace tasha kuwa an gina ta ne a kan zaton cewa eriyar mai kallo tana waje, a sama da ƙasa da ƙafa talatin, kimanin mita tara, alhali eriyar matafiyi ko an miƙe ta da ƙyar take kai rabin haka, kuma yawanci a ƙarƙashin itatuwa take ko a cikin kwari, domin inuwa da ruwa ne ke jan mutane zuwa sansani.

Ranar 12 ga Yunin 2009, bayan ɗage wa'adin daga 17 ga Fabrairu, manyan tasoshi suka kashe analog. Gwamnati ta raba takardun rangwame na dala 40, biyu ga kowane gida, domin sayen dikoda mai fassara sabuwar sigina ga tsohon akwati. Ga matafiyi abubuwa da dama suka canza a rana ɗaya. Hoton dijital yana da gaɓa kamar bakin rijiya: muddin sigina ta rinjayi hayaniyar da ke tare da ita da kimanin desibel 15, wato ma'aunin da ake gwada ƙarfin sigina da shi, hoton tas yake, da ta gaza da ɗan kaɗan sai ya farfashe ya daskare, allo ya yi baƙi. Akwatin kuma ba ya nuna tasha sai ya yi bincike ya gano ta, binciken yana cin mintoci, kuma ba ya gano komai sai eriya ta riga ta fuskanci hasumiya, mai juya eriyar kuwa ba ya sanin inda hasumiyar take sai ya ga hoto. Mazaunin gida sau ɗaya yake warware wannan ƙulli ya huta, matafiyi kuwa duk inda ya sauka sai ya sake. Bayan haka mafi yawan tasoshi sun koma UHF, inda fukafukin jemage ba shi da ƙarfi sosai, amma suka riƙe tsofaffin lambobinsu a allo, ta yadda tashar da ke kiran kanta ta 4 tana iya kasancewa a kan igiyar ta 30 da wani abu, mai kallo yana neman ta da dogon hannu alhali gajere take buƙata.

Duk dabarun da suka biyo baya ƙoƙari ne na maido da abin da ido ya rasa. Winegard ya fitar da wani ƙarin sashe mai suna Wingman, jerin gajerun sanduna da ake maƙala wa tsohuwar eriya domin ta tattara igiyoyin UHF, wanda a haƙiƙa komawa ce ga dabarar Uda da Yagi. Kamfanin King na jihar Minnesota ya kawo eriyar Jack, ƙarama wadda ba a miƙewa, wasu samfuranta da fitilu masu nuna ƙarfin sigina yayin da ake juyawa, kuma wannan ma'auni, ko a jikin eriya ko a bango, shi ne gyaran da ya fi taɓa asalin ciwon, domin yana ba da damar a daidaita fuska kafin a sa akwati bincike. Manhajojin waya masu nuna inda hasumiyoyi suke sun taimaka, sai dai suna buƙatar intanet a wuraren da sau da yawa babu shi. Masana'antu da yawa daga baya sun koma ga eriya mai siffar faifai da ke kamawa ta kowane ɓangare, wadda ta huta da juyi ta kuma kawar da tsohon hatsarin tashi da eriya a miƙe, amma abin da ta samu na sauƙi ta biya shi da nisa, tunda eriyar da ke sauraron ko'ina ba ta mayar da hankali a wuri ɗaya. Masu zama mako ko wata a wuri guda har yanzu sukan ɗaura eriya irin ta gida a kan dogon sanda a jikin tsanin baya, kuma sakamakonsu ya fi na kowa, domin tsawo ne abin da lissafin hukuma ya ɗauka suna da shi tun farko.

Bosta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina da ke cikin kan eriya tana shan wuta ta wayar da ta sauko, ita ce abin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta ƙirƙiro siginar da eriya ba ta kama ba, aikinta shi ne rama abin da ke zubewa a doguwar waya da mahaɗai, kuma tana ƙara hayaniya tare da sigina, kusa da gari ma takan cika akwati har ya kasa gani. Makunninta ɗan maɓalli ne a bango, sau da yawa a ɓoye bayan akwati, wanda dole a kunna shi don eriya, a kashe shi idan an jona wayar kebul ta sansani, kuma mantuwa da shi ta sa mutane da yawa sun sauya eriya mai lafiya. Haka ma mahaɗin da ruwan sama ya shiga ya yi tsatsa a kan rufi, da siririyar waya mai zubar da igiyoyin UHF fiye da mai kauri, da fitilun LED masu araha da na'urar cajin batir, waɗanda ke fitar da hayaniyar lantarki a daidai yankin VHF, hayaniyar da a da ake ganin ta a matsayin layuka a allo a gane mai laifi, yanzu kuwa sai dai tasha ta ɓace ba bayani.

Filin talabijin ɗin kansa ya ci gaba da tsukewa. An riga an karɓe tasoshi daga ta 52 zuwa ta 69 a sauyin 2009, gwanjon da aka kammala a 2017 kuma, wanda ya tara kusan dala biliyan 20, ya miƙa wa kamfanonin waya wani kason, ta yadda daga Yulin 2020 talabijin ya tsaya a tasha ta 36, kusan tasoshi dubu suka sauya gurbi, wasu suka koma VHF, abin da ya dawo wa tsohon fukafukin jemage da ɗan mutuncinsa. Hasumiyar waya da ke kusa da sansani yanzu tana watsawa a igiyoyin da tsofaffin bosta aka gina su su ƙara, shi ya sa ake saka na'urar tacewa a kan waya domin tare su. A watan Nuwambar 2017 FCC ta amince da sabon tsari, ATSC 3.0, wanda ya ɗauki hanyar rarraba saƙo a kan ƙananan igiyoyi da aka ƙi kusan shekaru goma sha takwas kafin nan, ya kuma fi jure raunin sigina da motsi, sai dai akwatunan da ke cikin mafi yawan ɗakunan tafi-da-gidanka ba sa karanta shi sai an ƙara musu sabuwar dikoda.