Sandar bugun hatsi: siffarta, aikinta da tarihinta

Sandar bugu, wadda wasu ke kira mabugi, ita ce abin da manomi ke raba ƙwayar hatsi da zangarniyarta da shi bayan girbi. Tana cikin tsofaffin kayan aikin gona, kuma duk da yawaitar injunan casa, har yau ana jin amonta a masussukai da kaka, daga fadamun shinkafa na Kebbi zuwa gonakin dawa na Kaduna da Neja.

A ƙasar Hausa sandar guda ɗaya ce, doguwa, mai ɗan kauri, wadda ake sarowa daga ice mai ƙwari da ba ya saurin tsagewa. Wasu sun fi son mai ɗan lanƙwasa a kai, domin ta kwanta sosai a kan tarin hatsin. Ana share fili mai tauri, ko a shimfiɗa tamfol, a baza abin da ya bushe, masu bugu su jeru suna sauke sanda bi da bi, ana juya tarin har ƙwaya ta zube. Daga nan sai shiƙa: mata su ɗaga ƙwarya su zubo hatsin a iska, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta sauka. Daga wannan aiki ne aka samo karin maganar nan ta ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

Ba kowane amfanin gona ne sanda ke yi wa daidai ba. Dawa da shinkafa da wake da waken suya suna sakin ƙwaya da bugu, haka ma acca a Filato da kudancin Kaduna, inda wasu ke tattake ta da ƙafa. Gero kuwa ƙwayarsa a manne take, shi ya sa aka fi sussuka shi a turmi da taɓarya, aikin da mata suka riƙe tun kaka da kakanni, wasunsu ma da ladansa suke rufa wa kansu asiri. Manoma da yawa ba sa bugun hatsinsu gaba ɗaya. Sukan zuba dammuna a rumbu, su riƙa fitar da na ci kaɗan-kaɗan, saboda hatsi ya fi jure ƙwari yana jikin zangarniya.

A Turai da China da Koriya da Japan, sandar ta ɗauki wata siffa. Guda biyu ce: doguwar ƙota da mai aiki ke riƙewa, da wani gajeren kulki da aka ɗaura a kanta da tsirkiyar fata ko igiya, yana lilo. Idan aka wulwula ƙotar, kulkin ya juyo ya faɗi a kwance, tsawonsa duka ya sami hatsin, ba bakinsa kaɗai ba. Hikimar ke nan. Bugun ya fi ƙarfi, girgizar ba ta komawa hannun mai aiki, kuma ba sai ya sunkuya ƙwarai ba. Sai dai tana bukatar gwaninta, don wanda bai iya ba kan rotse kansa ko na abokin aikinsa.

Abin da ke fasa zangarniya yana iya fasa kai, kuma talakawa sun daɗe da gane haka. A yaƙe-yaƙen da mabiya Jan Hus suka yi a Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, tsakanin 1419 da 1434, manoman da Jan Zizka ya jagoranta sun kafa wa sandunan bugunsu ƙusoshin ƙarfe, suka tunkari mahaya masu sulke da su. A tsohuwar Masar kuma, ana zana Fir'auna riƙe da sandar kiwo da wani abu mai kama da wannan mabugi a ƙirjinsa, ko da yake masana sun saɓa a kan ko na bugun hatsi ne ko wani abu dabam.

Ranar sandar ta fara faɗuwa a Turai bayan 1786, lokacin da Andrew Meikle, wani maƙerin injunan niƙa a Sukotland, ya ƙera injin casa mai aiki. Bugun alkama da hannu shi ne aikin da leburorin gona ke ci da shi a lokacin hunturu, da injin ya yaɗu sai aikin ya ƙafe. A 1830 leburori a kudancin Ingila suka tashi suna farfasa injunan. Gwamnati ta murƙushe boren: an rataye mutum 19, an kuma kori kusan 500 zuwa Ostireliya.

A Najeriya sauyin na tafiya a hankali. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, da Cibiyar Bunƙasa Noma da Injuna ta Ƙasa da ke Ilorin sun ƙera injunan casa na ƙananan manoma, kuma masu haya kan zagaya ƙauyuka da nasu da kaka. Dalilin komawa ga inji a fili yake. Bugu da sanda yana cin lokaci da ƙarfi, ƙwaya na fallatsa ta ɓace, ƙura da ƙaiƙayi na shiga ido da ƙirji. In kuma a tsurar ƙasa aka yi shi, tsakuwa da yashi na shiga hatsin, abin da ya daɗe yana zubar da darajar shinkafar gida a kasuwa. Wannan laifin fili ne fiye da na sanda, kuma tamfol ɗaya na magance mafi yawansa.

Bushewa ma na da hukunci. Hatsin da bai bushe ba ba ya sakin ƙwaya, wanda ya bushe fiye da kima kuma yana karyewa a ƙarƙashin sanda, musamman shinkafa da wake. Bayan bugu, malaman gona na ba da shawarar a shanya shinkafa har danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 kafin a ɗura ta a buhu.

Duk da haka sandar ba ta da niyyar ɓacewa nan kusa. Ba ta shan fetur, ba ta jiran makaniki, tana isa gonar da mota ba ta zuwa. Mai buhu uku ko huɗu ba shi da ribar kiran inji. Akwai kuma manoman da ke ware zangarniyar iri su buga ta da hannu a hankali, don injin da ba a saita da kyau ba yakan tsaga ƙwaya ta ƙi tsira, ko ya gauraya ta da ragowar hatsin gonar da ya fito.