Tarihin Bangon Bukkar Lambu a Ƙasar Jamus

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin abubuwan da Jamusawa suka riƙa lulluɓe cikin bangon bukkokinsu na lambu da su, tun daga ƙarni na 19, a kuma nuna cewa zaɓen kayan bango ya dogara ne a kan tambaya guda, watau ko ana hura wuta a cikin ɗakin ko ba a hurawa.

Sunan da suke kiran bukkar da shi, Laube, ana danganta shi da kalmarsu ta ganye, Laub. Ke nan asalin ma'anarsa ya fi kusa da rumfa bisa ga ɗaki. A 1864 wani shugaban makaranta a birnin Leipzig, Ernst Hauschild, ya kafa ƙungiya ya sa mata sunan likita Moritz Schreber, wanda ya rasu a 1861. Filin wasan yara suka fara buɗewa, daga baya aka yi wa yaran kunyoyin shuka, yara suka gaji, iyaye suka karɓe, suka yi shinge, kowa ya kafa 'yar bukkarsa. Bangon irin wannan bukka falanki ne ɗaya tak, wani lokaci a rufe bayansa da takarda mai kwalta saboda ruwan sama. Iska tana shiga tana fita ta tsakanin katako, abin da ya jiƙe kuwa ya bushe da kansa.

Ƙarancin muhalli ne ya sauya al'amarin. A Berlin talakawa da yawa sun tare a bukkokin lambu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin ya ƙara tsanani a na biyu, sa'ad da bama-bamai suka rushe birane kamar Hamburg a 1943. A wannan shekara gwamnatin Nazi ta fito da tsarin ƙananan gidajen wucin gadi masu faɗin kusan murabba'in mita 20, aka gina da yawa daga cikinsu a filayen lambu. Wanda zai kwana a ɗakin katako a hunturu irin na 1946 zuwa 1947 dole ya shigar da murhu, kuma dole ya nemi abin da zai riƙe masa ɗumin. Sai aka ƙara falanki na biyu daga ciki, aka cusa abin da ya samu a tsakani: garin katako, ko tsofaffin jaridu, ko tattaka, ko busasshen gansakukan fadama. Mai hali ya sayi allon da ake yi da zaren katako a haɗe da siminti ko makamancinsa, irin na Heraklith, wanda ya yaɗu daga Ostiriya a shekarun 1920 da 1930. Waɗannan kaya sun yi aiki domin akwai wuta. Ita ce ke samar da ɗumi, ita ce kuma ke busar da bango.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci wani abu. Makarin sanyi ba ya haifar da zafi, jinkirta fitarsa kawai yake yi, kamar yadda bargo ba zai ɗumama dutse ba. Ɗakin da ba wuta, ko an naɗe shi da me, cikin 'yan kwanaki zai daidaita da sanyin waje.

Bayan yaƙi aka sami sababbin kaya masu araha: audugar gilashi, da farin soson roba na Styropor da kamfanin BASF ya fitar a farkon shekarun 1950, da allon filasta mai rufin takarda, da leda. Ka'idar aiki da su an tsara ta ne don gidan da ake ɗumamawa. A irin wannan gida iskar ciki ta fi ta waje ɗumi da laima, tururin yana neman fita ta bango, in ya iske wuri mai sanyi ya zama raɓa. Saboda haka ake shimfiɗa leda ta ɓangaren ciki don tare shi. Helmut Glaser ya wallafa hanyar lissafa inda raɓar za ta taru a ƙarshen shekarun 1950, kuma abin lura shi ne, a kan bangon ɗakunan sanyaya kaya ya fara nazarin, inda tururi ke tafiya daga waje zuwa ciki. Bukkar da ba wuta tana yawan zama kamar wannan ɗakin sanyi. Idan hunturu ya wuce, rana ta bugi falankin waje alhali cikin ɗaki na nan da sanyinsa, laimar sai ta juyo ciki, ta tsaya a bayan leda, ta jiƙa auduga da ginshiƙai inda ido ba ya gani. Takardar allon filasta ta yi fumfuna, ɓeraye kuma su sami sheƙa a cikin soso. A ganina babban kuskuren wancan zamani shi ne ɗauko dokar gida a ɗora wa rumfa.

Majalisa ta mayar da bukkar matsayinta na asali da dokar ƙananan lambuna ta 1983. Dokar ta ce kada bukka ta wuce murabba'in mita 24, har da rumfar gabanta, ginin ya zama mai sauƙi, kuma kada ta dace da zama na dindindin. Bisa wannan ne ƙungiyoyin lambu da dama suka hana kafa murhu. Bukkokin da aka gina bisa izini kafin dokar an bar su yadda suke, haka ma na Jamus ta Gabas bayan haɗewar 1990, shi ya sa har yanzu ake iske bango iri-iri a lambu ɗaya.

Shawarar da masana gini suka fi bayarwa yanzu ta yi kama da aikin mutanen Leipzig na farko: falanki mai shiga cikin juna daga ciki, sarari a bayansa don iska ta ratsa, da ƙananan kafofi biyu masu fuskantar juna. In za a sa makari, a zaɓi mai barin tururi ya wuce, kamar allon zaren itace, kuma ya fi amfani a ƙarƙashin rufi saboda zafin rana. Mai gyaran tsohuwar bukka kuwa yana da wata damuwar, domin a bangonta yakan tarar da allon asbesto, wanda Jamus ta haramta a 1993, ko katakon da aka shafa wa maganin ƙwari mai sinadarin PCP, wanda Jamus ta Yamma ta hana a 1989, kuma ba a yarda a zuba ko ɗaya daga cikinsu a shara ta gida ba.