Aji da Filin Wasa: Tarihin Ɗaliban Andover da Exeter

A watan Afrilu na shekarar 1778, ana tsakiyar yaƙin da Amurkawa suka yi don ƙwatar kansu daga mulkin Ingila, wani matashi mai suna Samuel Phillips Ƙarami ya kafa makaranta a garin Andover na jihar Massachusetts, arewa da birnin Boston. Mutumin da ke sarrafa albarushi ga rundunar Janar George Washington ne, amma hankalinsa ya fi karkata ga yaran da za su gaji ƙasar idan wuta ta lafa. An fara karatu da ɗalibai 13 a wani tsohon shagon kafinta, ƙarƙashin malami Eliphalet Pearson. Bayan shekara 3, a 1781, ƙanin mahaifinsa John Phillips ya kafa irinta a garin Exeter na jihar New Hampshire, ta kuma buɗe ƙofa a 1783. Waɗannan biyun su ne iyayen makarantun kwana masu zaman kansu da ke share wa yaro fagen shiga jami'a a Amurka, kuma takardun kafa su sun haɗu a kan magana guda: nagarta idan babu ilimi rarrauna ce, ilimi kuwa idan babu nagarta abin tsoro ne.

A ƙarninsu na farko, abin da ake auna ɗalibin ajin ƙarshe da shi bai wuce harshen Latin da na Girka, da lissafi, da karatun addini, da ladabi ba. Wasa ba ya cikin tsarin makaranta. Yara kan yi guje-gujensu bayan an tashi, malamai su kau da kai, kuma ba wanda zai tashi ranar sallama ya yabi ɗalibi don ƙarfin damtsensa. Abin alfahari ɗaya ne, a ji cewa yaro ya sami shiga Harvard ko Yale.

Labarin Robert Lincoln ya nuna nauyin wannan aiki. A 1859 ya zo daga jihar Illinois ya zauna jarrabawar shiga Harvard, ya faɗi darussa 15 cikin 16, aka shawarce shi ya koma Exeter ya yi shekara guda yana gyara. Mahaifinsa, Abraham Lincoln, a lokacin lauya ne da ke neman suna a siyasa. A ƙarshen Fabrairun 1860 ya yi jawabinsa mai tarihi a ɗakin taron Cooper Union da ke New York, daga nan ya zarce don ya ga ɗansa, yana tsayawa garuruwa yana jawabi, har ya yi wa mutanen Exeter nasu a farkon Maris. Kafin shekarar ta ƙare, ɗan ya shiga Harvard, uban kuma an zaɓe shi shugaban ƙasa. Bayan shekara 5, a 1865, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, wani saurayi baƙar fata ɗan Philadelphia, Richard Greener, ya kammala Andover ya wuce Harvard, inda a 1870 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digirin kwalejin. Daga baya ya koyar a Jami'ar South Carolina, ya kuma wakilci Amurka a birnin Vladivostok na Rasha. Har zuwa wannan lokaci, littafi kaɗai ke ɗaga ɗalibi.

Shekarar 1878 ce ta kawo sauyi, kuma ɗalibai ne suka kawo shi da kansu. Bayan yaƙin basasa, wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda a zagaya fili, ya bazu ko'ina a ƙasar, manyan jami'o'i kuma sun fara karawa da juna a ƙwallon Amurka, wadda ake rungume ta a yi gudu ana ture-ture. Abin da yayye suka yi a jami'a, shi ƙanne ke sha'awa a sakandare. A ranar 22 ga Mayu, 1878, makarantun biyu suka haɗu a besbol karon farko, Exeter ta yi nasara da 12 da 1. A ranar 2 ga Nuwamba ta wannan shekara suka sake haɗuwa, wannan karon a ƙwallon Amurka, Andover ta rama da 22 da babu. Daga ranar aka ɗaura wata hamayya da ta shiga sahun mafi daɗewa tsakanin makarantun sakandare a ƙasar, shuɗi launin Andover, ja launin Exeter, kuma ɗalibin ajin ƙarshe ya sami wani sabon buri bayan na jarrabawa, wato ya bar makaranta yana kyaftin ɗin da ya kayar da abokan hamayya.

Cikin waɗanda wannan sabon zamani ya fitar akwai Amos Alonzo Stagg, ɗan wani mai gyaran takalma daga jihar New Jersey. Ya iso Exeter da shekarunsa sun haura 20, aljihunsa babu nauyi, yana neman cike giɓin karatun da ya hana shi shiga jami'a. A 1884 ya shiga Yale, ya yi fice wajen jifa a besbol har ƙungiyoyin ƙwararru suka yi masa tayin kuɗi ya ƙi, a 1889 kuma aka sa shi cikin jerin farko na gwanayen ƙwallon Amurka na jami'o'in ƙasar. Ya horar da 'yan wasan Jami'ar Chicago shekara 41, ya rasu a 1965 yana da shekara 102. Rayuwarsa ta zama hujjar masu cewa filin wasa ma aji ne.

Sai dai zuma ba ta rasa harbi. Da nasara ta yi daɗi, aka fara shigo da ƙarti waɗanda ba karatu ya kawo su ba, a rubuta sunansu a rajista don kawai su buga wasan kaka. Zargi ya yi yawa, zumunci ya yi tsami, har a 1894 da 1895 makarantun biyu suka ƙi haɗuwa a fili. A 1895 ɗin ne Harlan Amen ya karɓi shugabancin Exeter, ya tarar da tarbiyya ta yi sanyi, ya shiga sallamar duk wanda ba ya taɓuka karatu, komai gwanintarsa a wasa. A Andover kuma, daga 1903 zuwa 1933, ragama ta kasance a hannun Alfred Stearns, wanda shi kansa fitaccen ɗan besbol ne a zamanin ɗalibtarsa, don haka ya san daɗin fili ya kuma san haɗarinsa. A hannun irin waɗannan shugabanni wasa ya fita daga ikon ɗalibai ya koma ƙarƙashin makaranta, da sharaɗin da ya zauna har yau, cewa sai wanda ya riƙe littafinsa zai sa rigar makaranta.

A daidai wannan lokaci aka gyara ma'aunin karatu shi ma. A 1900 aka kafa hukumar College Board don jami'o'i su daina yi wa kowane yaro jarrabawa daban-daban, ta fara aiki a 1901, ta kuma fito da jarrabawar SAT a 1926. A 1906 aka kafa ƙungiyar girmama zaƙaƙuran ɗalibai a makarantar Tome ta jihar Maryland, wadda daga baya aka sani da Cum Laude, domin mai hazaƙa a aji ya sami irin karramawar da gwanin fili ke samu. A 1930 attajiri Edward Harkness, magajin dukiyar man fetur, ya ba Exeter dala miliyan 5.8 bisa sharaɗin a sauya yadda ake koyarwa. Aka kwashe kujerun da ke jere suna fuskantar allo, aka kawo babban tebur mai siffar ƙwai, ɗalibai kimanin 12 su zagaye shi tare da malaminsu. A irin wannan zama babu layin baya da rago zai fake, kowa yana kallon idon kowa, kuma kyaftin ɗin da aka ɗauka a kafaɗa ranar Asabar dole ya buɗe baki ya kare fahimtarsa ranar Litinin.

Ajin da ya fita a 1942 shi ne ya fuskanci jarrabawa mafi tsanani. Suna tsakiyar shekararsu ta ƙarshe, a ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen Japan suka kai hari Pearl Harbor, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 'yan ajin a Andover akwai George Herbert Walker Bush, yaron da wata muguwar rashin lafiya ta taɓa kwantar da shi har ya maimaita shekara, amma ya miƙe ya zama shugaban 'yan ajin ƙarshe, kyaftin ɗin besbol, kuma kyaftin ɗin ƙwallon ƙafa. A bikin sallamarsu a watan Yuni, babban baƙo shi ne Henry Stimson, Sakataren Yaƙi na Amurka, tsohon ɗalibin makarantar da ya fita a 1883. Dattijon da ke riƙe da ragamar rundunar ƙasa ya dubi yaran ya shawarce su da su wuce jami'a tukuna, domin yaƙin zai daɗe, kuma ƙasa za ta neme su idan lokaci ya yi. Bayan taro, Prescott Bush ya tambayi ɗansa ko jawabin ya sauya masa ra'ayi, yaron ya ce bai sauya ba.

Ranar 12 ga Yuni, 1942, ranar da ya cika shekara 18, ya shiga rundunar sojan ruwa, kuma kafin ya cika 19 ya zama matuƙin jirgin yaƙi. A ranar 2 ga Satumba, 1944, aka harbo jirginsa kusa da tsibirin Chichijima. Abokan aikinsa biyu suka rasu, shi kuma ya yi sa'o'i yana shawagi a teku cikin ƙaramin kwalekwalen roba, har jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Finback ya tsamo shi. Da yaƙi ya ƙare ya koma ga shawarar Stimson, ya shiga Yale, ya gama digirin tattalin arziki cikin shekara biyu da rabi da sakamako mai daraja, ya jagoranci ƙungiyar besbol ta jami'ar, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasa a 1947 da 1948. A 1989 ya zama shugaban Amurka na 41. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan mutum tana rubuce a littafin 'yan ajin 1942.

Ba kowane ɗalibi ne ya zo da baiwar ɓangarorin biyu ba, kuma a nan ne amfanin haɗa su ya fi bayyana. John Irving ya sha wuya a Exeter saboda lalurar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mai karatu, har karatun shekara 4 ya ɗauke shi 5. Abin da ya riƙe shi shi ne tabarmar kokawa, inda mai horarwa Ted Seabrooke ya koya masa cewa wanda ba a ba shi baiwa mai yawa ba yana iya cike giɓin da naci da maimaici. Ya fita a 1961, ya ɗauki wannan darasi ya kai shi teburin rubutu, ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙagaggun labarai na Amurka, ya kuma karɓi kyautar Oscar a 2000 a fannin rubutun fim.

Duk da wannan tarihi, kusan ƙarni biyu ƙofar a tsuke take, domin yawancin masu shiga maza ne, farare, 'ya'yan masu hali. A 1963 shugabannin makarantu 23 suka taru a Andover suka kafa shirin A Better Chance don nemo yara masu hazaƙa daga gidajen da ba su da ƙarfi, musamman baƙaƙen fata. A 1970 Exeter ta fara karɓar 'yan mata. A 1972 majalisar Amurka ta zartar da dokar da aka sani da Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, ta kuma buɗe wa mata filayen wasa a jami'o'in da waɗannan ɗalibai ke nufa. A 1973 Andover ta haɗe da maƙwabciyarta Abbot, makarantar 'yan mata da ta fara aiki tun 1829. Daga nan sunayen mata suka shiga allunan kyaututtuka na aji da na fili. A wannan zamani ne Bill Belichick ya yi shekara guda a Andover ya fita a 1971, kafin ya ci kofin Super Bowl sau 6 yana babban mai horar da New England Patriots. Mark Zuckerberg kuma ya bar Exeter a 2002 yana kyaftin ɗin wasan takobi kuma gwanin Latin da Girkanci, shekara 2 kafin ya ƙirƙiro Facebook a Harvard.

Har yau, duk watan Yuni, 'yan ajin ƙarshe na Andover kan fito babban filin ciyawa na makarantar su yi da'ira guda mai faɗi. Ana kiran suna, a saka takardar shaida a hannun na kusa, ta yi ta tafiya daga hannu zuwa hannu har ta isa ga mai ita, don haka shaidar kowane ɗalibi sai ta ratsa tafin abokansa kafin ya riƙe ta. A cikin wannan da'ira kyaftin da zakaran lissafi kafaɗarsu ɗaya, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne. Shekara 100 makarantun nan suka yi suna koyar da littafi kaɗai, suka yi wasu shekaru suna kokawa da fitinar da wasa ya zo da ita, kafin su gane cewa kowanne yana gyara ɗan'uwansa idan an ajiye shi a muhallinsa. Duk mai riƙe da makaranta, a ko'ina yake, ya kamata ya riƙe wannan darasi: kada a rufe wa yaro fili don aji, kada kuma a bar fili ya cinye aji, domin mutumin da al'umma ke jira daga hannun malamai shi ne wanda ya iya tunani, ya iya juriya, ya kuma san cewa ba don kansa kaɗai aka ilimantar da shi ba.